Saura shekara bakwai a yi ritaya: daga ina ake fara lissafi?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana harkar fansho da ajiya ce. A ɗauki ma'aikaci mai shekara 53, wanda zai ajiye aiki idan ya cika 60. Ana cire masa kuɗin fansho duk wata, amma bai taɓa zama ya duba nawa suka taru ba. Yana da ragowar bashi a kansa, da yara biyu a makaranta, da 'yar ajiyar da ba ta kai albashin wata shida ba.

Yaya zai san adadin da yake buƙata kafin ranar? Idan aka ba shi zaɓi tsakanin karɓar kuɗinsa a dunƙule da biyan wata-wata, wanne ya fi? Sannan ina gaskiyar shawarar nan da kowa ke bayarwa cewa a kama kasuwanci da garatuti? Don Allah ba nasihar "a riƙa tanadi" nake nema ba, wannan kowa ya ji ta. Lissafi nake so.

Tsohon Akawu

Wa alaikumus salam. Malam, ba daga albashi ake fara wannan lissafi ba, daga abin da ake kashewa ne. Ya samu littafi ya rubuta duk abin da ya fita daga hannunsa wata uku a jere, ranar da ya fita, ba abin da zai tuna a ƙarshen wata ba. Sai ya kawo na shekara-shekara, irin su haya, kuɗin makaranta, gyaran gida da na mota, ya raba su 12 ya ɗora a kai. Nan ne ainihin nauyinsa na wata zai fito, kuma yawanci ya fi abin da mutum ke faɗa da baki.

Daga nan ya bi layi-layi. Wasu za su tsaya ranar ritaya: zirga-zirgar zuwa aiki, cirar fansho, kuɗin ƙungiyar ma'aikata, makarantar yara idan sun gama. Wasu za su ƙaru, magani a kan gaba. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga littafinsa ba domin wurin aiki ke ɗauke masa su: gidan ma'aikata, inshorar lafiya, motar ofis. Waɗannan su suka fi kayar da mutane, don ranar da aka karɓe su suke zama bashi sabo fil.

Bari mu sa albashin da ke shiga hannunsa 100 ne a wata, kowane irin kuɗi ne. Yau yana kashe 85. Bayan tacewa ya ga zai buƙaci 65. Ya je ofishin fansho suka ce abin da zai riƙa samu 40 ne. Giɓin 25 ke nan a wata, 300 a shekara. Wannan giɓi shi ne abin da ajiyarsa za ta cike, ba dukan 65 ɗin ba.

Kada a yi mamakin 40. Yarjejeniya ta 102 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1952 kashi 40 cikin ɗari na abin da mutum ke samu ta sa a matsayin mafi ƙarancin fanshon tsufa, ga mai iyali da ya yi shekara 30 yana zubi. Tun asali ba a gina fansho don ya maye gurbin albashi duka ba.

To nawa ne zai haifi 300 duk shekara ba tare da ya ƙare ba? A 1994 wani mai ba da shawarar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin hannun jari da takardun lamunin gwamnatin ƙasar tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 na ajiyarsa a shekarar farko, ya riƙa ƙara abin da yake cira daidai da tashin farashi, kuɗinsa kan kai shekara 30. Kashi 4 na nufin a ninka buƙatar shekara sau 25. A misalinmu 300 sau 25, wato 7,500, albashin wata 75.

Yanzu abin da ba ya daɗin ji. Idan mutumin nan ya matse ya riƙa ajiye 20 duk wata har shekara bakwai, ribar ajiyar kuma tana ɗara tashin farashi da kashi 3, abin da zai tara kimanin 1,840 ne. Kwata ne kawai na abin da ake nema. A shekara 53 tanadi shi kaɗai ba ya cike ramin, lokacin da riba za ta hau kan riba ya ƙure. Abin da ya fi ƙarfi a hannunsa rage giɓin ne: duk 1 da ya sauke daga kashe-kashen wata, ya rage 300 daga abin da ya kamata ya tara. Idan ya gama biyan bashi ya kuma rabu da haya ko ya koma ƙaramin gida, 10 ta sauka, to 3,000 sun fita daga lissafi. Shi ya sa bashin nan shi ne aikin farko, a fara da wanda cajinsa ya fi tsada, domin babu wata ajiya mai aminci da za ta ba shi abin da bashin ke ci masa. Kuma daga yau ya daina tsaya wa kowa a rance.

Uwar Lissafi

Malam Akawu ya shimfiɗa tabarma da kyau, amma ba zan bar maganar kashi 4 ta wuce haka ba. Lissafin Bengen na Amurka ne, ƙasar da farashi ya fi yawan tashi a hankali, kuma ya ɗauka cewa rabin kuɗin ko fiye suna cikin hannun jari. Wanda ya jibge nasa a asusun ajiya na banki, ko yake zaune inda farashi ke tsalle, wannan awo ba nasa ba ne.

Ga yadda ake gane ɓarnar cikin sauƙi. A raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi ke rasa rabin ƙarfinsu. Idan kashi 6 ne, shekara 12. Idan 12 ne, shekara 6. Idan 24 ne, shekara 3 kacal. A hauhawar kashi 12, fanshon nan na 40 da ba a ƙara shi, zai sayi kayan 20 lokacin da mai shi ya kai 66, kayan 10 idan ya kai 72. Don haka tambayar da za a yi wa ofishin fansho ba "nawa zan samu" kaɗai ba ce. A tambaya ko ana ƙara shi, da wane ma'auni, kuma a rubuce yake a doka ko sai an ga dama.

Haka riba. Idan aka ce za a ba ka kashi 15 a shekara alhali farashi na tashi da 18, ba riba ka ci ba, asarar 3 ka yi, lambar da ke takarda ce kawai ta girma. Mutane da yawa suna cinye "ribar" duka suna murna uwar kuɗi na nan, alhali tana ta zagwanyewa. Abin da ya halatta a ci shi ne abin da ya rage bayan an cire tashin farashi da cajin masu juya kuɗin. Cajin ma kada a raina shi: kashi 1 duk shekara yakan cinye kusan kashi 10 na ajiya a shekara 10, ya haura kwata a shekara 30.

Sai tsawon rai, wanda ake yawan auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Adadin da ake jin an ce shi ne matsakaicin shekarun mutanen ƙasa kaza, daga haihuwa aka lissafa shi, mace-macen ƙananan yara ne ke jan sa ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60 lissafinsa daban ne: a duniya baki ɗaya yana da kimanin shekara 20 a gaba, mata sun ɗara maza, kuma wannan tsaka-tsaki ne, da yawa za su wuce. Rai na hannun Allah, amma takarda a yi ta har zuwa 85 ko 90. Idan akwai mata mai ƙarancin shekaru, da shekarunta za a auna. Ni da za a bi tawa, 30 za a ninka da shi ba 25 ba, wato 9,000 a misalin Malam.

Inda za a ajiye kuɗin kuma, gida uku nake raba shi. Kuɗin shekara ɗaya zuwa biyu na cike giɓi a inda za a iya cira gobe da safe. Na shekara uku zuwa bakwai a takardun lamunin gwamnati, ko sukuk ga mai gudun kuɗin ruwa, a jera su yadda kowace shekara wata za ta nuna. Saura a abin da ke bin tashin farashi, kamar asusun haɗaka na hannun jari ko kadara mai kawo haya. Dalilin wannan rabo shi ne faɗuwar kasuwa a farkon ritaya ta fi ta ƙarshe illa. A 2008 manyan hannayen jarin Amurka sun zube da kusan kashi 37 a shekara ɗaya. Mai 100 da kasuwa ta mai da shi 70, idan dole ta sa ya ciri 5 ya ci, 65 ɗin da suka rage sai sun tashi da kashi 54 kafin su koma 100. Wanda ke da na shekara biyu a gefe ba zai sayar a faɗe ba.

Malam Na-Inshora

Hajiya Uwar Lissafi ta taɓo wurin. Ni zan tsaya a tambaya ta biyu, amma kafin nan ya san wane irin fansho yake ciki, don iri biyu ne kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda aka yi alkawarin adadi: shekarun aiki a ninka da wani kaso na albashi. Inda ake amfani da 1 bisa 60, mai shekara 30 a aiki rabin albashi zai samu. Tarkon shi ne wane albashi. Galibi tsagwaron albashi ake nufi ban da alawus-alawus. Idan a cikin 100 ɗin nan 70 ne tsagwaro, fanshon 35 ne ba 50 ba. Na biyu shi ne na karo-karo, irin wanda Chile ta fara a 1981 ƙasashe da dama suka kwaikwaya: kowa da asusunsa, abin da aka zuba da ribar da ya yi shi ne nasa, babu alkawarin adadi. A wannan, duk watan da mai aiki ya cire bai zuba ba, an yi asarar kuɗin da ribar da za su haifa.

Saboda haka a cikin watan nan, ba shekarar ritaya ba, ya nemi cikakken bayanin asusunsa tun daga farko, ya jera shi da takardun albashi wata-wata, ya ja layi a duk inda babu zubi. Ya duba ranar haihuwa da rubutun suna: su zama iri ɗaya a takardar ɗaukar aiki, katin shaida, banki da fayil ɗin fansho. Harafi ɗaya ko shekara ɗaya da suka saɓa sun isa su tsayar da biya wata da watanni, kuma gyara ya fi sauƙi tun mutum yana da kujera a ofis. Idan ya taɓa sauya wurin aiki, ya bi sawun tsohon asusu. Ya haɗa takardar tabbatarwa a aiki da na ƙarin girma duka, asali da kwafi. Ya sabunta sunan wanda zai karɓa idan ta Allah ta kasance, don wasu sunan da suka rubuta tun suna samari shi ke nan har yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu zaɓin. A tsarin karo-karo hanyoyi uku aka fi bayarwa, gwargwadon dokar kowace ƙasa. Ko a karɓi wani kaso a dunƙule, ko a bar kuɗin ana juyawa ana cira kaɗan-kaɗan bisa tsari, ko a miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biya har ƙarshen rai. Cira bisa tsari kuɗin na mai su ne, abin da ya rage na magada ne, amma suna iya ƙarewa mutum na raye. Biyan har ƙarshen rai ba ya ƙarewa, sai dai yawanci idan an sa hannu babu komawa, kuma abin da zai kai ga magada ya dogara da sharaɗin da aka zaɓa. Kafin sa hannu a tambayi abu huɗu: adadin tsaye yake ko yana ƙaruwa duk shekara, akwai shekarun tabbas da za a ci gaba da biyan iyali ko da mai shi ya rasu da wuri, matarsa za ta ci gaba da samun wani kaso, wa zai ɗauki nauyi idan kamfanin ya durƙushe. Kowane ƙarin kariya yana rage abin da ake biya a farko, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa su zaɓi lamba mafi girma. A karɓi tayin kamfani uku aƙalla a rubuce. Mai takatsantsan na addini ya nemi inda ake yin sa a tsarin takaful, wato inshorar Musulunci.

Ra'ayina, abin da ba a iya kwana babu shi, wato abinci, muhalli da magani, a ɗaure shi da kuɗin da ke zuwa duk wata har ƙarshen rai. Abin da ya haura nan ne ake wa dabara. Kowace 1 da aka karɓa a dunƙule an cire ta ne daga biyan wata-wata na sauran rayuwa, don haka a ce ofishin su rubuto adadin wata a kan kaso daban-daban a gani da ido, a kuma tambayi harajin da ke kai. Kuma a ware kuɗin wata shida zuwa shekara na zaman jira, domin tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai tazara, ba ko'ina take gajeruwa ba.

Mai Neman Sani

Allah ya saka da alheri. To amma idan tanadin shekara bakwai kwata kawai zai cike, ba dole sai an yi kasuwancin ba ke nan? Ko gidan haya?

Baban Kanti

Dole sai an samu wata hanyar shiga, ɗan'uwa, amma ba dole sai da garatuti ba. Wanda ya yi shekara 30 albashi na zuwa masa ranar da aka saba, bai taɓa koyon bin bashi ba, bai san kayan da ke kwantai ba, bai san yadda yaron shago ke zare kaɗan-kaɗan ba. Kowane ɗan kasuwa ya biya kuɗin wannan karatu da asara, bambancin shi ne mai shekara 30 yana da lokacin farfaɗowa, mai 60 ba shi da shi.

Idan yana son yi, ya fara yanzu da albashi na tallafa masa, bayan ya duba ko ƙa'idar aikinsa ta yarda. Ya sa abin da ko ya narke ba zai hana shi barci ba, kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 na abin da ya mallaka. Asusun kasuwancin daban, littafi daban, ya yanka wa kansa albashi a ciki ko da kaɗan ne, ya yi ƙidayar kaya duk wata da kansa. Bayan shekara biyu littafin zai gaya masa gaskiya. Abubuwan da ke karya irin wannan jari ba ɓoyayyu ba ne: cefanen gida daga aljihun shago, bashi ga wanda ake jin nauyin tambaya, da miƙa wa ɗa ko ƙane ya kula babu rubutu. Ya fi masa ya sayar da abin da ya riga ya iya, koyarwa, duba littattafan kuɗi, gyara, ba da shawara a fanninsa, domin wannan ba ya cin jari.

Gidan haya ana lissafa shi da wata 12 a baki, amma a cire watan da zai zauna babu kowa, a cire gyara, dillali da haraji, da wuya ya wuce wata 9. A raba wannan da kuɗin da gidan ya ci kafin a ce ya fi takardar lamuni. Kuma gida ba ya sayuwa ranar da asibiti ke jiran kuɗi. Mafi muni shi ne zuba garatuti a ginin da ba zai kammalu ba, kuɗi sun tafi, haya ba ta shigo ba.

Masu damfara kuma sun san ranar da ake biyan 'yan ritaya. Charles Ponzi a 1920 ribar kashi 50 ya yi alkawari a kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har yau salon bai canja ba. Duk wanda ya ce kashi 10 duk wata, yana cewa ne kuɗi za su ninka fiye da sau uku a shekara. Mai irin wannan hanya ba ya buƙatar kuɗin tsoho. Biyan wata biyu na farko a kan lokaci ba shaida ba ce, shi ne ƙugiyar. A nemi lasisinsa a wurin hukumar da ke sa ido, ba a takardar da ya nuna ba. Idan garatuti ya shigo, a bar shi wata uku ba a taɓa ba, kuma ba kowa ake gaya wa ya shigo ba.

Tsohon Akawu

Na karɓi gyaran Hajiya a kan 30. Akwai abu ɗaya da ba mu sa a sikeli ba: lokacin fara ci. Inda doka da lafiya suka bari, ƙarin shekara ɗaya ta aiki tana yin abu uku lokaci guda, zubi ya ƙaru, ajiya ta samu shekarar girma, shekarun da za ta ciyar su ragu. A Amurka wanda cikakkun shekarun fanshonsa 67 ne, idan ya fara karɓa a 62 ana rage masa kashi 30 har abada, idan ya jira 70 ana ƙara masa kashi 24. Inda ritaya a 60 tilas ce, ɗan aikin da ke kawo 10 a wata daidai yake da ajiyar 3,600 a tsawon lokacin da ake yin sa.

Mu mai da misalin. Giɓi 25. Bashi da haya sun sauke 10, ɗan aiki ya kawo 10 zuwa shekara 67 ko makamancin haka, saura 5 a wata, 60 a shekara, wanda 1,840 ɗin nan za su iya ɗauka ko da awon Hajiya. Matsalar tana dawowa ranar da ƙarfin aikin ya ƙare, don haka garatuti shi ake ajiyewa ya yi ta girma saboda wannan lokaci, a kuma sake zama da littafin duk shekara da sabon farashi. Tun yanzu ya gwada zama a kan 65 na wata shida ya gani ko lambar gaskiya ce. Matar gida ta zauna a wannan lissafi, ta san kowane asusu da inda takardu suke, ta kuma san kason da za a ci gaba da ba ta, don a tsare-tsare da yawa rabi ne ko kashi biyu bisa uku, haya da kuɗin wuta kuwa ba sa raguwa da rabi.